Ranar da Wule Ta Tauna Takalmina

Ku gyara zama, masu karatu, yau labarin takalmi zan ba ku, kuma duk wanda ya yi min dariya Allah ya haɗa shi da saniya mai kwaɗayi. Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: sunana Fiddausi, 'yar unguwar Jekadafari a Gombe, ina ajin ƙarshe a jami'a, ilimin tsirrai nake karantawa. Ina da saurayi mai suna Abdulrasheed, ina da saniya mai suna Wule. Haɗuwar waɗannan biyun ce ta kusa sa ni hawan jini da ƙuruciyata.

A dangin Dada, wato mahaifiyata, ranar sunan 'ya mace ake nuna wata karsana a ce tata ce. Wule jikar karsanar da kakata ta ba ni ce, ja ce mai farin goshi. Kuma a wajenmu saniyar mace ba ta barin garken gidansu sai dai zuwa garken mijin da za ta aura. Idan kuwa aka ga an kwanto ta daga garken namiji an dawo da ita gida, ba sai an aika kowa da magana ba, kowa ya san an fasa.

Tun rasuwar Baba, Baffa Ɗantala ke riƙe min ita a rugarsa ta wajen Kwami. Bana gwiwoyi suka kayar da shi, ya ce kowa ya zo ya ɗauki dabbarsa. Abdulrasheed na jin haka ya ce ai ga gonarsa. Goggo Barira, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa ɗaura wani aure a danginmu ba tare da ta sa baki ba, ta yi caraf ta cafe maganar. Kafin in dawo daga makaranta har an loda Wule a mota.

Kada ku ce an yi min dole. Ina son yaron nan, so na gaske. Dogo ne, baƙi, mai saurin dariya, kuma bai taɓa ce min in ajiye karatu ba. Aibinsa ɗaya: idan ya yarda da abu, sai dai ka yi ta magana kai kaɗai.

Mahaifinsa, Alhaji Sallau, babban dilan takin zamani ne a Kasuwar Gombe. Shi kuma Abdulrasheed ya kewaye wani fili da waya a hanyar Dukku, ya shuka gamba da ƙyasuwa, ya ce shi kiwon zamani zai yi, shanunsa ba za su yi yawo ba. Da damina ta kankama sai ya dinga kwaso takin yuriya daga shagon Alhaji yana watsa wa ciyawar, da an yi ruwa ya ƙara, da an sake ruwa ya ƙara. Ciyawa kuwa ta miƙe har ƙirji, kore shar har tana baƙi-baƙi. Kullum tana kan status ɗinsa, shi a tsakiya da hular malafa, kusa da farar saniyarsa da yake ji da ita, wadda ya sa wa suna Gimbiya.

Ranar wata Juma'a ya turo min hoto.

"Kin ga inda Wule take hutawa? Ko ke ba kya cin daɗi haka."

"Taki nawa ka zuba wa wannan ciyawar?"

"Madam Farfesa an fara. Ki ce masha Allah mana."

"Masha Allah. Yuriya kaɗai?"

"Ita ce mai sa kore ai. Gobe ki zo ki gani da idonki."

Washegari na ci ado. Atamfa ruwan goro mai ɗigon fari, ɗinkin doguwar riga, mayafi ruwan madara, da sabon takalmina na fata mara tudu wanda na jima ina ɓoyonsa a ƙasan gado don kada ƙawaye su ara. Goggo Barira ce 'yar rakiya. Da Abdulrasheed ya zo ɗaukarmu ta zauna a gidan gaba, ta cika motar da turare da surutu, tana ta lissafo masa irin girkin da na iya, har da waɗanda ban taɓa ɗora tukunyarsu ba.

Gonar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Goggo ta dinga tafa hannu tana cewa, "Bingel am, 'yata, kin ga gidan arziki ko? Ciyawarsu ma ta fi ta mutane ƙiba."

La'asar ta yi, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin rumfar kwano. Na cire takalmi na ajiye a gefe na tayar da salla. Ina cikin tahiya nake jin ƙurus-ƙurus a bayana. Ina sallamewa na waiga. Wule ce, ta zuro kai ta tsakanin katakon rumfar, takalmina na dama yana bakinta, tana taunarsa a natse, yawu na dalala.

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Abdulrasheed ya durƙusa yana dukan ƙasa. "Kishi take yi! Ta ga kin fi ta kwalliya!"

Ni kam ban yi dariya ba. Na tashi da ƙafa ɗaya a takalmi na zagaya wajenta. Rabona da ita tun tana rugar Baffa. Ga cikinta ya tsufa, ya yi ƙasa, amma ƙasusuwan ƙugunta sun fito, gashinta ya dushe. Da na kora ta sai ta taka da ƙyar, tana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ba ta nufi ciyawar nan mai kyau ba. Gindin wani turke ta nufa ta fara lasar ƙasa. Nan take na gane abin da ke damunta.

Bari in gaya muku dalili. Aikin bincikena na kammala karatu a kan wannan abin ne daidai. A bayan sashenmu mun yanka fili ƙanana-ƙanana na ciyawa. Wasu mun zuba musu yuriya kaɗai, wasu yuriya da supa, wato takin fosfaras, wasu ba mu zuba komai ba. Muka yanko ganyen, muka busar, muka niƙa, muka auna abin da ke ciki. Ciyawar yuriya ta fi kowacce tsawo da kore. Amma sinadarin naitirojin ne ya cika ta, shi kuwa fosfaras, wanda ke gina ƙashi, ya yi ƙasa sosai, domin ƙasarmu da ma ba ta da shi da yawa, ga shi ɗan abin da ke akwai an raba shi ga ganye mai yawa. Sannan dogayen ciyayin sun rufe ƙananan tsirrai irin su gadagi sun hana su rana har sun mutu, alhali su ne ke gyara wa dabba abinci. Tuwo ne cike da kwano babu miya. Dabba za ta cika ciki, jikinta na neman wani abu, sai ta koma cin ƙashi da ƙasa da takalman mutane.

Na kutsa cikin ciyawar da atamfata, ina buɗa ta da hannu ina duba ƙasa.

"Me kika yar?" in ji Abdulrasheed.

"Gadagi nake nema. Ka nuna min ko guda ɗaya."

"Wannan ciyawar talakawan? Mun wuce nan, Fiddausi."

"Abdul, yunwa Wule take ji."

Ya kalli ciyawar da ta kai masa ƙirji, ya kalle ni. "Yunwa? A nan?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda na yi muku. Tun yana murmushi har ya daina. Goggo ta matso ta mintsine ni a cinya, mintsini mai shiga rai, tana yaƙe. "Rabu da ita, ɗana. 'Yan boko ne, ko ruwa ka ba su sai sun ce a auna."

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna waƙa. Na shiga gida da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a leda.

Ban tsaya jiran kowa ba. Na kira Dokta Janet, likitar dabbobi, yayar ƙawata ce kuma ta san ni tun ina sakandare. Ta je ta duba Wule, ta ɗebi jini, bayan kwana biyu ta kira ni.

"Fiddausi, abin da kika zata ne. Na yi mata allura, amma allura ba abinci ba ce. A cire ta daga ciyawar nan zalla. A ba ta dusa da harawa, a ajiye mata gishirin lasa mai fosfaras. Haihuwarta ta kusa. In ta durƙusa a haka, ina tsoron ba za ta tashi ba."

Na tura wa Abdulrasheed duk abin da ta ce. Sai yamma ya kira, muryarsa a sanyaye.

"Na yi wa Alhaji maganar."

"Ya ce me?"

"Ya ce shekara da shekaru yana sayar da taki, ba a taɓa cewa takinsa ya sa dabba rama ba. Ya ce a ba ta kanwa. Kuma ya ce in aka ga buhun dusa ya shiga gonar da ciyawa ta kai ƙirji, gobe duk kasuwa za a ce ɗan Sallau ma bai yarda da kayan ubansa ba."

"Ni ban ce takinsa ba shi da kyau ba."

"Na sani."

"To kai me ka ce?"

Ina jin ƙarar babura ta wayar.

"Fiddausi, ki ba ni lokaci. Mahaifina ne."

"Ni zan iya ba ka lokaci. Wule ce ba ta da shi."

Na ajiye wayar na fito tsakar gida. Dada na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana gyaran zogale, Goggo Barira na gefe ta baje atamfofi a tabarma tana zaɓen wadda za a fitar anko. Ko ranar ba a sa ba, amma ita har ta gama raba wa mata aiki.

Na ce, "Dada, gobe zan je in ɗauko Wule."

Atamfar da ke hannun Goggo ta suɓuce ta faɗi.

Goggo ce ta fara dawowa hayyacinta. "Ki ɗauko wa? Ki kai ta ina?"

"Nan. Ga turken Baba a bayan ɗaki, ga rumfa. Dusa kuwa ba ta gagare mu ba."

"La'ilaha illallahu! Ke kin san abin da kike faɗa? Saniya ta fito daga garken namiji ta dawo gida? Yarinya, da bakina na gaya wa mutanen Kumo, na gaya wa na Bajoga. Uwar yaron har ta fara haɗa akwati. Saboda dabba za ki watsa mana ƙasa a ido?"

"Goggo, ba fasawa na yi ba. Jinya za ta zo."

"Wa zai tsaya jin wannan? Ido ne ke gani, ba kunne ba! Ana ganin ta a ƙofar gidan nan magana ta ƙare. Useni, don Allah, ki rufa mana asiri. In ta mutu ma ai sai ya saya miki biyu."

Wannan maganar ce ta ƙona min rai. "Kakata ba biyu ta ba ni ba, Goggo. Ɗaya ta ba ni, kuma ga jikarta can tana cin ƙasa."

Dada ba ta ɗago ba. Hannunta na ta zagar ganye, amma na ga hawaye ya ɗiga a cikin faranti. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Tun da Baba ya rasu take kaffa-kaffa da bakin mutane, kullum tsoronta kada a ce 'ya'yan da mace ta rena ba su da kunya.

A hankali ta ce, "Kina son sa?"

"Ina son sa, Dada."

"Kuma kin san zai iya tafiya?"

"Na sani."

"To Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ta ci gaba da aikinta.

Na koma ɗaki na rubuta masa: "Gobe bayan azahar zan zo da mota in ɗauki Wule. Ba kai nake ƙi ba, Allah ya sani. Amma ba zan bar ta ta mutu don a ce ina da kunya ba."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Zuciyata ta yi nauyi, na yi kukana na share, amma ko sau ɗaya ban ji zan janye ba.

Washegari na share bayan ɗaki, na wanke tsohon kwamin Baba, na jiƙa dusa. Goggo ta zo tun hantsi ta zauna a zaure ta sha kunu, wai sai dai in tsallaka gawarta. Na yi sallar azahar, na sa baƙar abaya da silifas ɗin roba, don na yi rantsuwa saniya ba za ta sake cin takalmina mai tsada ba. Ina ɗaura ɗankwali na ji ƙugin mota a lungunmu, da kukan saniya, da hayaniyar maƙwabta.

Na fito. Akori-kura ce ta toshe lungun. Abdulrasheed na tsaye a baya, shaddarsa fara duk ta ɓaci da kashin shanu, yana sauko da Wule a hankali ta kan katako. Matan layinmu sun leƙo ta kan katanga, masu shago sun fito. Goggo ta ɗora hannu a ka.

"Shi ke nan! Da kansa ya dawo da ita. Kin huta, Fiddausi, kin huta!"

Na ce a raina, to, haka Allah ya so. Na ɗaga kai na tafi zan karɓi saniyata, don ko za a rabu ba zan bari a ga na sunkuya ba.

Bai kalle ni ba. Ya miƙa min Wule, ya sake hawa motar. Sai ga wani farin kai ya leƙo. Gimbiya! Ya sauko da ita, ya ja ta har cikin zaure, ya wuce Goggo da ke zaune baki buɗe, ya durƙusa a gaban Dada.

"Dada, ina wuni. Na zo da laifina. An ba ni amanar saniya na bar ta da yunwa a cikin ciyawa. Ga ta na kawo jinya. Wannan kuma tawa ce, duk garken babu wadda nake so kamarta. Yau da safe na same ta tana taunar igiyar rijiya. Ina roƙon a bar ta a nan tare da Wule. Duk wanda ya ga ta Fiddausi ta fito daga garkena, to ya ga tawa ta shiga gidansu."

Dada ta kalli Goggo. Goggo ta kalli Gimbiya. Tunda nake ban taɓa ganin an yi wa Goggo Barira tambayar al'ada ta rasa amsa ba sai ranar.

"To… ai… wannan kuma ba a taɓa yi ba," in ji ta.

Sai ya juyo wajena, ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan ganye da ya yi yaushi, har da saiwarsa da ƙasa.

"Tun da gari ya waye nake zagaya gonar. Ko ɗaya ban samu a ciki ba. Wannan a wajen waya na tsinko shi, inda taki bai kai ba."

Gadagi ne. 'Yan mata, ku riƙe furanninku na leda. Ni dai ba a taɓa ba ni kyautar da ta shige min rai kamar wannan ciyawar talakawan ba.

Dada ta goge ido da bakin mayafi. "Fiddausi, gidan nan turke ɗaya ne. A kafa na biyu, ko a mayar masa da abarsa?"

Kowa ya zuba min ido. Ban yi sauri ba, don shi ma ya ɗanɗana jiran da ya sa ni.

"Alhaji ya san ka kawo ta?"

"Yanzu dai na tabbata an gaya masa."

"Kuma gonar fa? Sauran shanun?"

"Abin da kika ce a zuba, shi za a zuba. Abin da kika ce a daina, an daina."

Na karɓi Gimbiya daga hannunsa. "A kafa na biyu, Dada."

Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa daga kan katanga. Goggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, tana cewa ai da ma ita ta san yaron ɗan mutunci ne, ita ce ma ta fara faɗa. Muka wuce bayan ɗaki, Wule ta tsoma baki a kwamin dusa ta kama ci ba ko ɗagowa, Gimbiya na ture ta. Na tsuguna ina ƙara musu ruwa, hannuna duk dusa.

A nan wayar Abdulrasheed ta fara ruri a aljihu. Ya duba, ya ɗauka har da rusunawa kamar mai wayar na gabansa. Bai ce komai ba sai "Na'am, Alhaji… e, Alhaji… tana nan." Sannan ya miƙo min.

"Ya ce a ba shi yarinyar da ta ce takinsa ba shi da kyau."

Goggo ta dinga yi min alama da ido in ce ba na kusa. Dada ta dafe ƙirji. Na goge hannuna a jikin abaya, na karɓi wayar, na gyara tsayuwa.

"Ina wuni, Alhaji. Fiddausi ce. Takinka yana da kyau, shi kaɗai ne bai isa ba. In akwai supa a shago, a ajiye mana, gobe zan zo da kaina in yi maka bayani."